Galiema da Motar da Ke Mutuwa a Bakin Layi

A ƙofar hagu ta baƙar motar tseren gidan Majiet akwai wani rubutu da farin fenti, bai fi tafin hannu biyu ba: "Wayarin: Galiema." Duk wanda ya san unguwar Grassy Park ya san rubutun nan, ya kuma san mai sunan. Mu 'ya'yan dangi Gwaggo muke ce mata, sauran jama'a kuwa Tietie Liema, wato Yaya Liema, har da waɗanda suka girme ta. Akwai shekarar da saura ƙiris a shafe sunan nan daga jikin ƙofar, kuma ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya ne ya yi niyyar shafe shi.

Galiema ce 'yar fari a wajen Moegsien Majiet, mai gyaran wutar mota. Bai taɓa zama ya ce yau zai koya mata sana'a ba. Ɗa namiji yake jira, kafin namijin ya zo kuwa shekara tara ta wuce, ita kuma idonta ya riga ya sha kallon hannun ubanta a cikin injina. Da namijin ya taso, wato Faldie, sai ya zamana wayoyi ba sa gabansa. Abu biyu yake so a duniya, fenti da gudu.

Tana da shekara goma sha shida aka kai ta masana'antar ɗinki a Salt River, kamar sauran 'yan matan layinsu. Shekara goma sha tara ta yi tana ɗinka wuyan riga, wuyan riga kawai, har ta kai idonta a rufe ma za ta iya. Ranar da aka rufe masana'antar aka sallame su, ƙawayenta suka zauna a bakin titi suna kuka. Ita ba ta zauna ba. Ta hau jirgin ƙasa ta koma gida, ta ɗauko mabuɗin garejin mahaifinta, wanda ke kulle tun rasuwarsa shekara guda kafin nan, ta buɗe, ta share, ta jera kayan aiki. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko shagon ɗinki za ta buɗe. Ta ce musu i, ɗinkin waya.

An yi dariya, an gaji an daina. Direbobin ƙananan bas ɗin haya ne suka fara kawo mata aiki, da farko don babu layi a wajenta, daga baya don abin da ta gyara ba ya dawowa. Wayarin ɗinta daban yake. Idan ta haɗa wayoyi sai ka ce kalmasa, kowace launi da hanyarta, babu wadda ta hau wata, ta bi su ta ɗaure da zare mai kakin zuma, tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Tana da ma'aunin wuta na zamani kamar kowa, amma abin da ta fi yarda da shi gadon mahaifinta ne: ƙwan fitila guda, da waya biyu masu ɗan maƙali a baki. Marigayin yakan ce ma'auni ba ya cin wuta, shi ya sa ko silin waya ɗaya ya rage zai ce maka lafiya lau, ƙwai kuwa a kan aiki yake ba da shaida.

Motar tseren asalinta ta mahaifinsu ce, tsohuwa mai ƙofa biyu da yake kai su bakin teku da ita. Faldie ne ya mai da ita ta tsere. Ya cire kujeru, ya cire darduma da rediyo, ya cire har na'urar da ke cajin batir, don a tseren mita ɗari huɗu kowane nauyi abokin gaba ne. Kome ya cire sai ya ɗora a sikelin banɗaki ya auna yana murmushi. Ya mai da batir can baya don tayoyin baya su kama ƙasa, ya sa kejin ƙarfe a ciki, irin wanda ke kare direba idan mota ta kife, aka ɗaure ƙafafunsa shida a daɓen motar da notuna.

Wajen wayarin ne suka fara saɓani. Wuta idan ta fita daga batir ta je inji ta yi aikinta, dole ta sami hanyar komawa batir, in ba haka ba babu abin da zai motsa. Galiema ta yanko waya mai kaurin babban yatsa, wadda za ta taho tun daga inji har baya. Faldie ya karɓa ya ɗora a sikeli.

"Kilo biyu, Tietie! Wata uku ina fama kafin in rage kilo biyu, ke kuma rana ɗaya za ki mayar mini?"

"Mota ce ko tantabara, da kake auna ta haka?"

"Ga keji nan, ƙarfe ne tun daga baya har gaba. Ki bi ta jikinsa mana."

Ta duba kejin. Gaskiya ƙarfe ne mai kyau. Ta goge wuri guda a jikinsa har ya yi ƙyalli, ta ɗaura gajeriyar waya daga batir, wuta ta riƙa bi ta keji, ta sauka ta ƙafafunsa zuwa daɓe, ta haɗu da inji. Ta nuna wa Faldie wurin da ta goge ta ce ko da wasa kada fenti ya taɓa nan. Doguwar wayar kuwa ba ta yar ba, ta naɗe ta ta rataye a ƙusa a bangon gareji.

Shekara uku motar ba ta taɓa yin tari ba. Taɓa maɓalli ɗaya, ta tashi. Faldie da kansa ya ɗauko siririn buroshi ya rubuta sunan yayarsa a ƙofa, kuma sunan nan ya kawo mata aiki fiye da kowane allo, don duk mai motar da ya ga baƙar motar ta wuce kamar harsashi sai ya tambayi wa ya yi mata wuta.

A unguwarmu idan azumi ya kai ashirin, hanci ne ke fara sanin Sallah ta matso, wadda muke kira Labarang. Ko'ina warin fenti: bango, ƙofa, taga, har tukwanen furanni da dutsen bakin ƙofa. Gidan da bai sha fenti ba, masu gaisuwar Sallah ba za su ce kome ba, amma za su gani. Marigayi Moegsien har akurkin tantabarunsa yake shafewa, Faldie kuma ya gaje shi ya ƙara, tunda fentin mota ne sana'arsa. A waɗannan kwanaki goman Galiema ba ta shiga gareji. Takan koma kan keken ɗinki, don duk yaran dangi ita ke musu kayan Sallah, kuma ba ta taɓa barin yaro ɗaya ya fita da tsohuwar riga ba.

Tseren farko bayan Labarang na shekarar nan, motar ta fito tana sheƙi ciki da waje. Faldie ya shiga wurin da ake jiƙa ƙasa da ruwa, ya murza tayoyin baya har hayaƙi ya rufe shi, kamar yadda kowa ke yi don taya ta yi zafi ta kama kwalta. Ya taho a hankali zuwa bakin layi. Nan injin ya ɗauke ɗif. Ya danna maɓalli, sai ƙat, ƙat, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Ma'aikatan fili suka turo ta baya har rumfar gyara. Galiema ta miƙa hannu ta taga ta danna maɓallin nan, motar ta tashi da ruri kamar ba ita ba.

Sati biyu bayan nan ta sake. Sannan aka yi wata Lahadi da ta tashi lafiya, ta yi gudu har ta ci, kowa ya ce an wuce wurin. Lahadin da ta biyo ta mutu sau biyu. Wannan ne ya fi ci wa Galiema rai, ciwon da ke ɓuya idan likita ya zo. A gareji ta auna kowace waya, ma'auni ya ce lafiya. Ta girgiza, ta ja, ta bar injin ya yi zafi, ba abin da ya faru.

"Faldie, me ka taɓa a motar nan da azumi?"

"Wallahi ban taɓa kome ba. Fenti kawai, irin na kowace shekara."

"Wurin wayata fa?"

"Na rufe shi da tef kamar yadda kika ce. Je ki duba."

Ta duba. Ƙarfe fes, yana ƙyalli, ko ɗigon fenti babu.

Daga nan masu shawara suka yi yawa. Aka canja fulogi, aka canja koyil, aka canja sitata, aka sa sabon batir. Galiema tana cewa a daina zuba kaya a kan abin da ba a gano ba, ba mai jin ta. Babban mai shawarar shi ne Boeta Braima, wato Yaya Braima, mai babban shagon wutar mota, wanda motoci biyar a filin tseren ke ɗauke da sunansa. Ba mugu ba ne, baki ne da shi, kuma bai taɓa yarda a ransa cewa tela za ta iya aikinsa ba. Magana ta fara yawo cewa wayarin ɗin Tietie Liema ya tsufa, kyan gani ne da shi kawai. Direbobin bas biyu da suka saba tsayawa a ƙofarta suka fara wucewa suna ɗaga mata hannu daga nesa.

Wata ranar Alhamis da la'asar Faldie ya shigo gareji yana sosa ƙeya. Bai zauna ba.

"Tietie, na yi magana da Boeta Braima. In ta sake mutuwa ranar Lahadi, Litinin zan kai masa. Zai zare wayarin ɗin gaba ɗaya ya sa nasa."

"Sunan da ke ƙofa fa?"

Ya kalli ƙasa. "Ai kin san ba zai yi aiki da sunan wani a jiki ba."

"Kai za ka shafe?"

"Haba Tietie, kada ki mai da shi faɗa. Dariya ake mini a fili. Jiya wani ya tambaye ni ko in sayi jaki ya riƙa ja na zuwa layi."

"Na ce kai za ka shafe? Da buroshin da ka rubuta?"

Ta ajiye filayar da ke hannunta a hankali.

"To ji nan, ƙanena. Ranar Lahadi motar nan tawa ce daga safe har yamma. Ba mai canja ko noti ɗaya sai na ce. In rana ta faɗi ban kama ɓarawon ba, ni zan riƙe maka gwangwanin fentin."

Juma'a da Asabar ba ta kwance kome ba. Ta gane cewa a gareji ba za ta taɓa kama shi ba, don a gareji ba ya zuwa. Sai ta ɗauko ƙwan fitilar mahaifinta, ta haɗa wani irinsa, ta shafa wa ɗaya jan farce don ta bambance su. Ta ja sirarran wayoyi, jan ƙwan ta ɗora shi a kan hanyar da wuta ke bi ta je inji, farin kuma a kan hanyar komawa. Muddin hanya na da kyau, wuta ba za ta kula ƙwan ba, zai zauna a mace. Ranar da hanya ta toshe, wuta za ta rasa wurin bi sai ta cikinsa, ya kama. Ta liƙa su biyun a jikin gilashin baya, inda za ta hango su daga nesa.

Lahadi da safe ta soya koesister, irin fanken nan namu, kamar kowace Lahadi, ta tsoma su a ruwan sukari, ta barbaɗa kwakwa, ta cika kwando. Kafin ta jera su ta sauko da wani abu daga ƙusar bango ta shimfiɗa a ƙasan kwandon, ta rufe da tawul.

A rumfar gyara Boeta Braima ne ya fara hango ƙwayayen.

"A'a! Jama'a ku zo ku ga motar amarya! Tietie Liema, ina angon?"

"Yana shagonka yana jiran ka gama gyaran da ka fara masa tun bara."

Aka kwashe da dariya. Braima ya sa hannu a kwando ya ɗauki koesister biyu.

"Wallahi nan ne wutarki ba ta taɓa ɗaukewa. Ki tsaya a nan, ki bar mana wayoyi."

"Ci a hankali, Boeta, kada ka ƙware kafin ka ga abin da ka zo gani."

Gwaji biyu ake ba kowace mota da safe, wadda ba ta yi gudu ko ɗaya ba ba ta shiga gasar yamma. Da aka kira su gwajin farko, Galiema ta bi motar a ƙafa har inda aka yarda masu gyara su tsaya. Faldie ya murza taya, hayaƙi ya tashi, motar tana karkarwa tana murɗa jiki. Ta fito daga hayaƙin, ta taho layi, ta mutu.

Farin ƙwan ya kama.

Galiema ta ƙura masa ido. Da ja ne ya kama, da sai ta ce maɓalli ne ko wani abin da aka sayo a shago. Fari kuwa hanyar komawa ce, aikin hannunta, wadda ta auna ta fi sau ashirin. A karo na farko tun da aka fara wannan rigima ta ji a ranta cewa wataƙila Braima ne ke da gaskiya.

Alƙalin tashi ya sallami motar da aka jera su tare a layi, ta tafi ita kaɗai. Ma'aikata uku suka taho za su tura. Nan ta tuna abin da ya faru kowane karo: ana turawa, motar na girgiza a hanya, ciwon ya ɓuya. Ta tsallake layin da aka hana tsallakewa, da gyalenta da takalmin gida, ta sha gabansu ta ware hannu.

"Kada wanda ya taɓa ta!"

"Anti, fita daga fili!" in ji alƙalin, wani dogo mai jar riga. "Ga motoci a baya injinsu na zafi!"

"Minti biyu."

"Babu minti biyu a nan! Zan hana ki shiga filin nan har ƙarshen shekara!"

"Ka hana ni gobe, ɗana. Yau dai minti biyu."

'Yan kallo suka fara ihu. Wani ya yi fito, wani ya ce a kawo jakin. Faldie ya ɗaga gilashin hular kwanonsa, fuskarsa ta yi ja.

"Tietie, don girman Allah, kin kashe ni da kunya!"

"Ka mutu anjima. Danna maɓallin nan ka riƙe, kada ka saki, kada kuma ka motsa ko gashin gira."

Ta buɗe but ɗin baya, inda batir yake, a hankali kamar mai ɗaga jariri. Ta zare maƙalin farin ƙwan daga wayar da ta tafi inji, ta dangwala shi a jikin keji, kusa da wurin da ta goge shekara uku da suka wuce. Ƙwan bai kama ba. To daga batir zuwa keji lafiya, haɗinta ba shi da laifi. Ta sauke hannu ƙasa, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, ta kankari daɓen motar da bakin maƙalin har ya taɓa ƙarfe. Ƙwan ya haska har ya kashe mata ido. Ta mayar jikin keji, ya mutu. Ta mayar daɓe, ya kama.

Tsakanin keji da daɓe. Wurin da babu wayarta ko ɗaya.

Ta miƙe, ta gyara gyale, ta dubi alƙalin.

"Na gode, ɗana. Yanzu ku tura."

Suna isa rumfa Faldie ya danna maɓalli, motar ta tashi, kamar yadda ta saba. Braima ya tafa hannu.

"To, an gama ke nan. Ta mutu ranar Lahadi, kowa shaida ne. Faldie, gobe ƙarfe takwas."

"Lahadin ta ƙare ne?" in ji Galiema. "Kashe ta. Miƙo mini sifana goma sha bakwai."

Ta durƙusa a bayan motar ta kwance notunan ƙafar keji ta dama, ta sa ƙarfe ta ɗan ɗaga ta. Mutane suka matso. Ƙarƙashin ƙafar baƙi ne wuluk, sumul, yana sheƙi kamar madubi. Daɓen da ke ƙarƙashinta ma haka, har cikin ramukan notin. A gefen rami ɗaya kawai akwai wani ɗan tabo da bai fi ƙwayar gero ba, inda noti ya ɗan ci fentin, wurin ya ƙone ya yi toka. Ta nan duk wutar motar ke bi tun bayan Sallah. A gareji yana taɓawa. Idan mota ta murɗa jiki wajen ƙona taya, ya saki.

Ta sa farce ta ɓanɓaro fentin, ya taso da kauri kamar ɓawon albasa uku a haɗe. Ta ɗaga shi sama.

"Faldie. Aikin wane ne wannan?"

Faldie ya cire hular kwano.

"Bana... bana cewa na yi bari in yi shi yadda ya kamata. Kullum a tsaye nake shafa wa kejin. Sai na kwance shi gaba ɗaya na fitar, na yi masa shafi uku, har tafin ƙafa, na yi wa daɓen ma. Don tsatsa, Tietie. Iskar teku ce fa."

"Na tambaye ka me ka taɓa."

"Ai na ɗauka na wuta kike nufi! Keji wuta ne?"

"Shekara uku wutarka ta jikinsa take komawa gida, kuma kai ka zaɓa mata hanyar."

Braima ya leƙa, ya daɗe yana duban ɗan tabon nan. Mutum ne da ya san aiki, ya gane abin da ya gani. Amma bakin bai bar shi ba.

"Ni dai da ni na yi, waya zan ja kai tsaye tun daga inji har batir. Wannan ai ko ɗan koyo ya sani."

Galiema ta jawo kwandon koesister, ta ɗaga tawul, ta zaro doguwar waya mai kaurin babban yatsa, ta jefa a ƙasa a gabansa.

"Ga ta. Shekararta uku a rataye. Tambayi direba abin da ya hana."

Kowa ya juya ya kalli Faldie. Ya ce da ƙaramar murya, "Kilo biyu ce."

"Kilo biyu!" in ji wani daga baya. "Kai da ka ci koesister shida a gabana da safen nan!"

Dariyar da aka yi har daga rumfunan maƙwabta aka leƙo. Braima ya sunkuya zai ɗauki wayar. "To a sa ta mana, lokaci na tafiya, saura rabin awa a kira ku."

Ta taka wayar da ƙafa.

"Ba yanzu ba. In na sa ta yanzu, gobe a ce wayarin ɗin Liema ne ya gaza aka yi masa faci. Sai ta tashi da aikina yadda na yi shi tukuna." Ta ciro ɗan almakashinta na masana'anta daga aljihu, da guntun sanfefa, ta miƙa wa ƙaninta. "Fentinka ne. Kai za ka kankare."

Haka Faldie ya durƙusa cikin kayan tsere, gumi na zuba, yana kankare fentin da ya fi alfahari da shi a duk shekarar. Ƙafa biyu na baya ya samu ya yi kafin lokaci ya matse. Ta duba da yatsa, ta sa ya ƙara, sannan ta ɗaure notunan da kanta. Ta mai da maƙalin farin ƙwan wurinsa, ta tayar da motar.

"Boeta Braima, kai ne mai ƙarfi. Zo ka girgiza ta. Ka kira yaranka ma."

Maza biyar suka kama motar suna jijjiga ta hagu da dama har tayoyi na neman ɗagawa. Injin bai ko canja murya ba. Ƙwayayen biyu suna nan a mace. Braima ya saki yana haki, ya goge hannu a wando.

"To, Tietie. Na gani."

"Ban ji ba, injin na ƙara."

"Na ce na gani!"

Sai a lokacin ta ɗauki doguwar wayar ta fara ja daga baya zuwa gaba. Faldie ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba.

"Wannan ba don wayarin ɗina ba ce. Don Labarang mai zuwa ce."

A gwaji na biyu ta tsaya a bayan layin da aka yarda, ba ta tsallake ba. Hayaƙi ya tashi, motar ta fito daga cikinsa tana ruri, ta tsaya a layi tana karkarwa. Fitilun tashi suka haska ɗaya bayan ɗaya, kore ya kama, gaban motar ya ɗaga ta tafi. Galiema ba allon lokaci take kallo ba. Gilashin baya take kallo, har ya ƙanƙance ya ɓace mata, ba abin da ya haska a jikinsa. Da yamma wata mota da ta fi su inji ta fitar da su a zagaye na biyu, kuma a danginmu babu wanda ya riƙe sunan mai ita. Alƙalin mai jar riga ya hana Galiema shiga fili na tsere biyu. Ta aika masa da koesister, ta zauna cikin 'yan kallo har wa'adin hukuncin ya cika.

Direbobin bas ɗin nan biyu sun dawo, ba ta tambaye su inda suka je ba. Faldie bai taɓa buɗe baki ya ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Farin ƙwan yana nan a gilashin baya har yau, ta hana a cire, ko da yake Faldie ya taɓa auna shi a sikeli.

Da azumi ya zagayo ya kai ashirin, tana kan keke da tulin yadin yara a gabanta, sai ga shi a bakin ƙofa da gwangwanin fenti a hannu, yana ta sauya ƙafa.

"Tietie, in kin ɗan sami sarari... ki zo ki nuna mini inda ba a shafawa."

Ta gama layin ɗinkin da take yi, ta yanke zare, ta ɗauki allin tela daga cikin akwatin maɓallai ta bi shi gareji. Ta zagaye ƙafafun keji shida da alli, ta zagaye wurin wayarta, ta zagaye notin jikin inji. Sannan ta zagayo ta ƙofar hagu, ta ja wa farin rubutun nan da'ira mai kauri, ta sa allin a aljihu ta koma kan kekenta.